Gwari Ba Ya Jira: Darasi Daga Kullen Korona a Indiya

Da ƙarfe 8 na daren Talata, 24 ga Maris, 2020, Firaministan Indiya Narendra Modi ya bayyana a talabijin ya sanar da al'ummar ƙasar, mutum fiye da biliyan 1.3, cewa daga ƙarfe 12 na wannan daren kowa ya zauna a gidansa har kwana 21 saboda cutar korona. Awa huɗu kacal aka ba mutane su kimtsa. Jiragen ƙasa na fasinja sun riga sun tsaya tun kwana biyu kafin nan, motocin haya suka bi sahu, jihohi suka datse iyakokinsu, 'yan sanda suka fito da kulake suka kafa shingaye a kan tituna.

Sanarwar ta faɗo ne a tsakiyar kakar amfanin hunturu, wadda ta yi daidai da lokacin noman raninmu. Inabin gundumar Nashik ya nuna yana jiran masu tsinka, mangwaron gaɓar tekun Konkan ya kusa shiga kasuwa, kankana da tumatir da kabeji da ayaba sun cika gonaki daga Maharashtra har Karnataka da Andhra Pradesh. Bayan ƙasar Sin, babu mai noman kayan lambu da kayan marmari kamar Indiya. Abin da take samu a shekara ya haura tan miliyan 300. A wannan shekarar ma gona ba ta yi rowa ba. Matsalar duk ta taru ne a tsakanin bakin gona da tukunyar mai girki.

Duk wanda ya taɓa harkar gwari ya san bambancinta da harkar hatsi. Mai gero ko dawa, in kasuwa ta ƙi, sai ya ɗaure bakin buhu ya mayar rumbu ya jira wata uku ko shida. Manomin alkama da shinkafa a Indiya ma yana da wani gatan, don gwamnati kan sayi kaso mai yawa a farashin da ta yanka, kuma a shekarar ta saya ko da an ɗan makara. Mai tumatir ba shi da ko ɗaya. Daga ranar da aka cire kayan, kwanakinsu ƙidayayyu ne, balle a zafin watan Afrilu, in kuwa aka bar su a gona can za su nuna su ruɓe. Kwana 21 ɗin da mai hatsi zai ɗauka a matsayin jinkiri, a wajen mai gwari asarar shekara ce, da kuɗin iri da na taki da na ban-ruwa, wanda galibi bashi ne aka ci.

A rubuce, gwamnati ba ta hana safarar abinci ba. Tun a dokar farko an keɓe kayan masarufi. Ranar 27 ga Maris ma'aikatar cikin gida ta ƙara da cewa aikin gona da kasuwannin amfanin gona da shagunan taki duk ba sa cikin kulle. Bayan kwana biyu ta ce kowane irin kaya na iya tafiya. A tsakiyar Afrilu ta sake fitar da takarda cewa mota ko babu kaya a cikinta tana da damar wucewa, da direba biyu da yaron mota ɗaya, kuma a bar masu abinci da masu gyaran mota na bakin babbar hanya su buɗe. Ranar 30 ga Afrilu ta kuma rubuta wa jihohi cewa kada a nemi wata takardar izini ta musamman a hannun direban babbar mota. Gwamnatin da ta maimaita magana ɗaya har sau huɗu ko biyar cikin mako biyar, ta san maganar ba ta isa inda aka aike ta ba.

Batun motar da babu kaya ya isa a tsaya a kansa, don a nan ne ake ganin tazarar da ke tsakanin ofis da titi. Direban da ya ɗauko tumatir zuwa birni yana da hujja a bayan motarsa, ɗan sanda zai leƙa ya gani ya ɗage masa shinge. Da ya sauke ya juyo, ba shi da komai da zai nuna, sai a tsare shi a ce yawo yake. Motar da ta maƙale a shinge kuwa ba za ta je ta ɗauko lodin gobe ba. Ga shi rumfunan abinci na bakin hanya, waɗanda direbobin Indiya ke ci su yi wanka su kwana a cikinsu, duk an rufe. Taya ta fashe babu mai faci, inji ya samu matsala babu bakanike. Direbobi da yawa suka ajiye motoci a gefen titi suka kama hanyar garuruwansu. Waɗanda suka jure suka ninka kuɗin lodi, tunda sun san a dawowa babu kayan da za su samu. Wanda ya rubuta dokar ya tuna da abinci, amma bai tuna cewa abincin yana tafiya ne a kan mutumin da shi ma sai ya ci, ya kwana, ya gyara mota ba.

Haka abin yake ga hannayen da ke aikin. Masu tsinkar inabi, masu tantance kaya, masu zuba shi a akwati, 'yan dako a manyan kasuwanni, da yawansu 'yan ci-rani ne daga jihohi irin su Bihar da Uttar Pradesh da Jharkhand da Odisha. Abin da suka samu yau shi suke ci yau. Da aiki ya tsaya, kuma babu mota babu jirgi, sai suka ɗora kayansu a ka suka taka da ƙafa, wasu ɗaruruwan kilomita, da mata da ƙananan yara. Ranar 8 ga Mayu, kusa da Aurangabad, jirgin ɗaukar kaya ya bi ta kan ma'aikatan wata masana'antar ƙarfe su 16 da gajiya ta sa suka kwanta a kan layin dogo a hanyarsu ta komawa Madhya Pradesh. Daga baya gwamnati da kanta ta shaida wa majalisa cewa 'yan ci-ranin da suka koma gida sun haura miliyan 10. Wannan ciwo ne da ya fi asarar tumatir nesa ba kusa ba, amma tushensu ɗaya: an tsara kulle ba tare da an sa talakan da ke ɗauke da nauyin birni a lissafi ba.

A ɗaya gefen kuma manyan masu saye sun ɓace dare ɗaya. Otal-otal, gidajen abinci, makarantun kwana, bukukuwan aure da Indiyawa ke tara dubban mutane, duk sun tsaya. Jiragen sama da ke kai kayan marmari ƙasashen Larabawa da Turai sun daina tashi. A gundumar Satara an ga manomi yana ba shanunsa latas da 'ya'yan itacen alfarma da ya noma don masu yawon buɗe ido da masu otal. A kusa da Bengaluru wasu sun tuttular da inabi a ramin taki. Farashi ya faɗi warwas a bakin gona, a cikin birni kuma ya yi tashin gwauron zabo. Manomi na kuka, mai cefane na kuka, kayan kuma na ruɓewa a tsakaninsu.

Amma inda darasin ya fi fitowa fili shi ne kasuwar Koyambedu da ke birnin Chennai, hedkwatar jihar Tamil Nadu. An buɗe ta a 1996 a kan fili eka 295, tana da shaguna fiye da 3,000 na kayan lambu da 'ya'yan itace da furanni. An gina ta ne da kyakkyawar niyya, don a kwashe cunkoson 'yan sari daga tsakiyar birni a tara su wuri guda. Cikin shekara 24 ta zama ita ce ƙofar da kusan duk kayan miyan Chennai ke bi. Motoci na shigowa cikin dare daga jihohi maƙwabta, dubban 'yan dako na sauke kaya, da yawansu a nan cikin rumfunan suke kwana. Birni mai mutum miliyoyi ya zama kamar garin da ke da rijiya ɗaya: ba a iya rufe ta, kuma kowa dole ya zo bakinta.

Da kulle ya zo, sauran wuraren cefane suka ragu, sai jama'a suka ƙara tuɗaɗowa Koyambedu. Sannan a ƙarshen Afrilu gwamnatin jihar ta sanar da wani tsattsauran kulle na kwana huɗu, daga 26 zuwa 29 ga wata, wanda zai shafi har shagunan abinci. Ranar 25 ga Afrilu mutane suka yi dafifi a kasuwar, kafaɗa da kafaɗa, kowa na son ya tara abin da zai ishe shi. Cikin 'yan kwanaki cutar ta ɓulla a tsakanin 'yan kasuwa da 'yan dako. Ranar 5 ga Mayu aka rufe kasuwar baki ɗaya. 'Yan dakon da suka rasa wurin aiki da wurin kwana suka hau motocin kaya suka koma ƙauyukansu a Cuddalore da Ariyalur da Villupuram, gundumomin da kafin nan cutar ba ta yi ƙarfi a cikinsu ba, suka tafi da ita. Har maƙwabciyar jiha, Andhra Pradesh, sai da ta samu rabonta. Dubban masu cutar aka gano suna da alaƙa da wannan kasuwa guda.

Aka buɗe kasuwar wucin gadi a Thirumazhisai, bayan gari, da rumfuna kusan 200 a madadin dubbai. Ƙananan 'yan kasuwa suka rasa gurbi, masu sari suka ƙara kuɗin mota, da ruwan sama ya sauka filin ya zama taɓo. Sai ranar 28 ga Satumba manyan dillalan kayan lambu suka fara komawa Koyambedu, bayan kusan wata biyar. A kusa da Mumbai ma babbar kasuwar Vashi sai da aka rufe ta mako guda a watan Mayu saboda irin wannan dalili.

Abin da nake ganin ya kamata mai mulki ya ɗauka a nan shi ne, taƙaita lokacin cin kasuwa ba ya rage masu zuwa. Cikin mutum ba ya bin jadawali. Idan mutum dubu ɗari ke cefane a wuri cikin awa goma sha biyu, aka ce su yi shi cikin awa huɗu, su ɗin dai za su zo, sai dai yanzu a matse. Hukumomin Delhi sun gane haka a kasuwar Azadpur, wadda ke cikin mafi girma a nahiyar Asiya. Bayan sun gwada rage lokaci sun ga cunkoson da ya haifar, sai suka juya akalar: daga wajen 21 ga Afrilu kasuwar ta koma ci dare da rana, ana shiga rukuni-rukuni da kati, motoci kuma na sauke kaya a nasu lokacin. Cutar ta shiga Azadpur ɗin ma, an yi rashin 'yan kasuwa, an rufe wasu layuka, amma kayan miyan Delhi bai yanke ba.

Wasu wuraren kuma sun ci moriyar abin da suka shuka tun da daɗewa. A watan Janairun 1999 gwamnatin Andhra Pradesh ƙarƙashin Chandrababu Naidu ta ƙirƙiro kasuwannin da ake kira Rythu Bazaar, wato kasuwar manoma. Manomi na da katin shaida, ana ba shi rumfa kyauta a cikin gari, kowace safiya a yanka farashin da ya ɗara na sari amma bai kai na 'yan kiri ba. Da korona ta zo, jami'ai sun riga sun san manoman da sunayensu da ƙauyukansu da abin da kowa ke nomawa. Sai kawai suka farfasa kasuwannin, suka watsa su a filayen makarantun da ke rufe da filayen wasa, aka zana wa masu saye wurin tsayawa da tazara. A Hyderabad da sauran birane aka ɗora kayan a ƙananan motoci ana bi unguwa-unguwa. Kasuwa ce ta je wa mutane, don haka babu dalilin da zai tara su wuri ɗaya.

A Nashik kuwa manoma ne da kansu. Kusan shekara goma kafin annobar, wani injiniyan aikin gona mai suna Vilas Shinde ya haɗa wasu ƙananan manoman inabi suka kafa kamfanin Sahyadri, wanda manoman ne masu hannun jarinsa. Kafin 2020 ya tara dubban manoma, yana da wurin tantance kaya da ɗakunan sanyi da masana'antar sarrafa tumatir, kuma ya shiga sahun gaba wajen fitar da inabi daga Indiya. Da kasuwanni suka rikice, sai suka koma shirya kwandunan kayan miya da na 'ya'yan itace, mazauna manyan gidajen bene a Mumbai da Pune da Nashik su haɗa oda ta waya, mota ta kawo ta sauke a bakin ƙofa. Manomi ɗaya mai eka biyu ba zai iya wannan ba ko da yana da wayar. Ba shi da mota, ba shi da kayan da za su cika ta, kuma ba shi da bakin da zai nemo takardar wucewa a wajen hukuma. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya tsira da wani abu a wannan kaka, da goransa a fafe annobar ta same shi.

Manoman inabin da ba su samu irin wannan gata ba, da yawansu sun shanya kayan suka mai da shi zabibi, kamar dai yadda namu ke yanka tumatir su yi kauɗa idan kasuwa ta faɗi. Farashin bai kai ba, amma ya fi tashi a tutar babu. Wani zai tambaya ina ɗakunan sanyi, tunda Indiya na cikin ƙasashen da suka fi yawansu a duniya. Amsar ita ce mafi yawansu na dankalin Turawa ne, kuma sun taru a jihohi kaɗan irin su Uttar Pradesh da Bengal ta Yamma. Abin da mai tumatir da mai mangwaro ke buƙata shi ne ƙaramin wurin sanyaya kaya kusa da gona da motar da za ta riƙe sanyin a hanya, waɗannan kuwa su ne suka yi ƙaranci.

Gwamnatin tarayya ta ɗan farga daga baya. A watan Mayu ta faɗaɗa wani shiri da a da ya taƙaita ga tumatir da albasa da dankali, ta ware rufi biliyan 5 don biyan rabin kuɗin safara da na ajiya ga sauran kayan gwari. Ranar 7 ga Agusta jirgin ƙasa na farko da aka keɓe wa manoma, Kisan Rail, ya tashi daga Devlali kusa da Nashik zuwa Danapur a Bihar, tafiyar kilomita kusan 1,500 cikin kwana ɗaya da 'yan awoyi. Yana tsayawa a tashoshi yana ɗauka yana saukewa, kuma ba a ƙayyade mafi ƙarancin kaya ba, mai 'yan akwatuna kaɗan ma yana da gurbi. Kafin shekarar ta ƙare an yi sawu 100.

Akwai kuma darasin da gwamnatin ta karanta a karkace, kuma shi ma ya shafe mu. Ganin yadda manyan kasuwanni suka zama tarko, sai ta ɗauka dama ce ta rage ƙarfinsu da na dillalansu gaba ɗaya. A watan Yunin 2020 ta fitar da dokoki uku, majalisa ta amince da su a Satumba, waɗanda suka ba kamfanoni damar sayen amfanin gona a wajen kasuwannin hukuma. Manoma, musamman na Punjab da Haryana, suka ce ba su yarda ba. Suka yi zaman dirshan a mashigan Delhi shekara guda cur, har sai da Modi ya janye dokokin a Nuwamban 2021. Dalilansu na da yawa, babba daga ciki tsoron rasa farashin da gwamnati ke lamunce musu. Amma akwai wani abu da mazaunin ofis kan manta: dillalin nan da ake zagi yana cin la'ada, shi ne ke ba manomi bashin taki, shi ke ba shi rance ranar da matarsa ta kwanta asibiti, shi ke karɓar kaya mai kyau da marar kyau ya san inda zai kai kowanne. Duk wanda zai cire shi sai ya fara tanadar wanda zai ɗauki waɗannan nauye-nauye. Ƙara ƙofofi daban, toshe wadda ake da ita daban.

Mai karatu a Kano ko Zariya ko Sakkwato ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, don ya ga irin wannan da idonsa. Ranar 29 ga Maris, 2020, kwana biyar bayan jawabin Modi, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da kulle Legas da Ogun da Abuja. Kano ta bi a tsakiyar Afrilu, ana gab da azumi, sannan aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli. A nan ma takarda ta keɓe abinci, a nan ma direbobi sun yi ta kukan yawan shingaye da na goron da ake karɓa a kowanne. Tumatirin Kadawa da Kwanar Gafan da Ɗanja, albasar Aliero, tattasai da attarugun fadamun Jigawa, mafi yawansu kasuwa ɗaya suke kallo, Mile 12 a Legas, tafiyar kilomita kusan 1,000 a cikin kwandunan da aka ɗora wani kan wani. Ko lafiya lau ake, ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirinmu ba ya isa tukunya. Ƙarin kwana ɗaya a hanya ya isa ya mai da riba asara. A Nijar ma kakar albasar Galmi ta zo daidai da rufe iyakoki, alhali kasuwarta tana Akara da Abijan, ga iyakar Najeriya da a lokacin take rufe tun Agustan 2019.

Mun kuma maimaita kuskuren Chennai. A Legas da Abuja an ce kasuwannin abinci su ci awa huɗu bayan kowane kwana biyu. A Kano aka ware Litinin da Alhamis, daga 10 na safe zuwa 4 na yamma, aka tura birni guda zuwa kasuwannin 'Yan Kaba da 'Yan Lemo. Duk wanda ya je cefane a waɗannan ranaku ya san irin turmutsutsun da aka yi. Allah ne ya kiyaye, ba dabararmu ba. Legas ta ɗan yi abin da ya yi kama da na Andhra Pradesh da ta buɗe ƙananan kasuwannin abinci a harabar makarantu, kuma wannan abin a yaba ne, sai dai ba ta da rajistar manoman da za su cika rumfunan, tunda manoman suna can Arewa.

Ba sai annoba ta dawo za mu sake ganin wannan rauni ba. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda. Tumatir ya yi tsada a Legas, a Arewa kuma kwando ya koma abin tausayi, manomi ya rasa ko kuɗin masu cira. Gada ta karye, rikici ya tashi, man fetur ya yi wuya, duk sakamakon ɗaya ne ga mai lambu.

A ganina aikin da ke gabanmu ba duka ne ke buƙatar biliyoyi ba. Ƙungiyoyin 'yan gwari da na direbobi suna da shugabanni da ofisoshi a kowace babbar kasuwa; su da gwamnatocin jihohin da hanyar ta ratsa za su iya zama yanzu, hankali kwance, su amince da shaida guda da za a manna wa motar gwari, wadda za ta yi aiki a tafiya da dawowa, kuma a tabbatar kwafin yarjejeniyar ya isa hannun wanda ke tsaye a shinge. Ƙananan hukumomin birnin Kano za su iya sanin filaye ashirin ko talatin da za a watsa 'Yan Kaba a cikinsu ranar da buƙata ta taso, da sunayen 'yan kasuwar da za su je kowanne. Kauɗar da muke shanyawa a ƙasa a bakin titi, ƙura da akuya na bi ta kai, tana buƙatar gadon shanya mai tsabta ne kawai ta zama hajar da za a sa a leda a kai kanti. Ƙananan ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, irin na kamfanin ColdHubs, sun riga sun nuna suna aiki a kasuwanninmu, yawansu ne bai kai ba. Mafi wuya a ciki shi ne haɗin kan manoma irin na Sahyadri, don yana son amana da haƙurin shekaru, mu kuwa ƙungiyoyinmu da yawa ba sa motsi sai an ji labarin rabon taki.

Sai maganar jirgin ƙasa. A Indiya layin dogo da taragai da tashoshi duk suna nan kafin korona, amma duk da haka sai da aka yi wata huɗu da rabi cikin kulle kafin a haɗa su da manomi, lokacin inabi da mangwaron shekarar sun riga sun wuce. Mu namu layukan yanzu ake shimfiɗa su, na Kano zuwa Kaduna da na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, garuruwan da ke kewaye da madatsun ruwa da masu noman rani. Ana ta maganar fasinja da manyan kwantena. Ya kamata shugabannin manoma da 'yan majalisar waɗannan yankuna su nemi a nuna musu taswirar tashoshin tun ba a gama zuba siminti ba, su ga ko an ware wurin lodin kayan gwari mai inuwa da hanyar da ƙaramar mota za ta shigo har bakin tarago, kuma su nemi a rubuta cewa mai kwando goma ma za a karɓi kayansa.